Mutumina, ga labarin tahiyata Sin

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya zafin Damagaram? Na ga saƙonka na "ko ka mutu ne", ban mutu ba, takardu ne sunka riƙe ni a Yamai. Abin da Dogo ya tsegunta maka gaskiya ne, bakinshi dai ba ya riƙe magana. Na samu aikin koyar da Hausa a wata jami'a can Bejin, kontira na shekara biyu. Ka gama dariyarka tukuna sannan ka ci gaba da karatu. Akwai wata alfarma da nake son roƙonka kuma, bari in ba ka labari dai.

Na san mi za ka ce, wai Shinuwa mi za su yi da Hausa. To ai sun riga mu nisa, rediyon Sin tun 1963 take watsa shirye-shirye da Hausa, ka tuna tsohonka da ƴar rediyonshi bayan isha'i. Kuma tunda anka maida Hausa harshen ƙasa a 2025 sai ga mu ƴan lakwal da anka riƙa yi wa kallon marasa aikin yi mun zama abin nema. Matsala guda, littattafansu Hausar Kano ce zalla, ni kuwa Ba'adare. Ranar da munka yi hira ta bidiyo da shugabar sashen, Hausa take yi tsaf kamar mai karanta labarai, ni ina ta kokawa da harshena kar "munka" ta kuɓuce. Ta kuɓuce mana. Dariya ta yi ta ce ɗalibai za su so su ji.

Amma wallahi samun aikin shi ne mai sauƙi. Dosiye shi ne bala'in. Kowace takarda da nata wa'adi, kuma ba sa jiran juna. Kaziye, takardar nan ta jastis mai shaida ba a taɓa ɗaure ka ba, wata ukku take yi ta mutu, kuma a kotun garin da anka haife ka ake bayarwa, to ni sai Tawa. Na hau kar tun asuba, Doso, Dutsi, Konni, sama da kilomita 500, na karɓo na dawo ina murna. Sai a kai ta a buga mata hatimi a ma'aikatar harkokin waje, sannan ambasad ta buga nata, sannan a aika hotonta can, su kuma su nemo mani izinin aiki, da wanga izini ne kaɗai za a ba ni biza da suke kira Z. To kafin wanga duka ya jeru sai anka gano sunan mahaifina a diplom ɗina da wanda ke cikin takardar haihuwa sun bambanta da harafi guda. Harafi guda fa! Wani magatakarda ne can da daɗewa ya rubuta yadda kunnenshi ya ji, ni nake biya yanzu. Ga kuma zancen ranar haihuwa, ka san irinmu da anka yi wa takarda daga baya, shekara kawai anka sa, paspor kuma ya ce 1 ga Janairu. Su can ba su san wanga ba, har wata ta rubuto mani tana taya ni murna wai an haife ni ranar sabuwar shekara. Ban gyara mata ba, rabin ƴan ajinmu ai ranar anka haife su.

Kafin a gyara harafin kaziye ta mutu. Sai da na sake komawa Tawa.

Akwai wani ofis da ba zan faɗi sunanshi ba, mutumin ciki yana da ɗan butar shayi bisa tebur da tarin dosiye da anka ɗaure da robar taya, kullum na je sai ya ɗaga tabarau ya dube ni sama da ƙasa ya ce "mushe, mai sa hannu ya fita, ka dawo gobe". Mun saba har yana zuba mani shayi. Ranar da takardar ta fito shi da kanshi ya ce zai yi kewata. Kuɗin tambur da hoto da fotokopi kuwa kar ka tambaya, jika-jika suna ta zubewa, mai kabu-kabu na kartiyenmu har ya sayi sabon madubi da kuɗina. Likita ma na je, jini, hoton ƙirji, awon zuciya, ga katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, kuma an ce in na isa can ma za su iya sake aunawa. Bayan na sauka kwana 30 gare ni in maida bizar takardar zama, wato layi bai ƙare ba, gari kawai zai sauya.

Af, ka ji Ɗan Ladi ya ƙara aure? Ya aiko mani goro guda biyu kamar wani almajiri. Kuma har yau bai biya ni kuɗin baturin nan ba.

Na ajiye takardar neman hutun aiki marar albashi, don ban yarda in saki aikin gwamnati gaba ɗaya ba, ba a san gobe ba. Dirakta ya sa hannu yana tsaki, wai wa zai riƙe mishi ajina a rantire. Jirgi kuma ta Adis Ababa zan bi in Allah ya so, ta Istanbul ya fi tsada a lokacin da na tambaya, amma ban sayi biye ba sai biza ta shigo hannu.

Inna ce damuwata, ka san ta. Ta ce ta yafe, ta sa albarka, amma tun ran nan tambayarta guda, wai akwai masallaci? Na ce mata akwai, har wani da ake kira Niujie ya haura shekara dubu, unguwar duk Musulmi ne da masu naman halal. Ta ce to wa ya gaya maka. Ta haɗa mani kuka da kuɓewa busassa da yaji, ta sa an kawo cuku da kilishi cike da leda, ni kuma na kasa gaya mata ƴan duwan ɗinsu ba sa barin nama da kayan nono su shiga. Kilishin dai mun fara ci da yara da dare a ɓoye. Uwargida ba ta cewa komi, lissafi kawai take yi, ita da yara za su zauna tukuna sai na ga yadda wurin yake. Tsakaninmu awa 7, in na tashi sallar asuba su ko barci bai yi nisa ba.

Sanyi kuma an ce ruwa daskarewa yake yi a waje. Na je Katako wajen ƴan bosho na sayo wata ƙatuwar riga mai gashi a wuya, na gwada ta da azahar a cikin zafin Yamai, yara sunka taru a ƙofa suna ihu. Hoton na nan amma ba zan turo maka ba, na san gurup ɗin ƴan ajinmu za ka kai shi.

Kai da kake maƙwabtaka da matatar man Soraz tun 2011 kana sayar wa Shinuwa kaji, ko gaisuwa guda ba ka iya ba, abin kunya. Ga alfarmar da na ce zan roƙe ka: ka je ka koyo mani yadda ake cewa "rage mani kuɗi". Kuma ka sa WeChat a salularka tun yanzu, WhatsApp ba ya aiki can sai da dabara, kar ka zo kana cewa na yi kuɗi na manta da mutane. In biza ta fito zan zo Tawa sallama, ka yi ƙoƙari mu haɗu can, kar ka ce mani mota, ni ma na san hanyar. Ka gaida Hajiya da amarya da su auta, ka ce wa Dogo zan kama shi.

Naka,
Mushe