Layi Biyu a Gida Ɗaya: A Raba Hanya Bisa Adireshin Mai Aikawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi magana da masu sibar da masu sayar da wifi a nan Maradi. Da yawa suna biyan layin intanet biyu, amma kwamfutocin duk su cunkushe a ɗaya, ɗayan yana kwance. Dalili kuwa, ruta, wato na'urar da ke raba hanyar intanet, ba ta tambayar fakiti (ƙunshin bayanan da ake aikawa) daga ina ya fito, inda za shi kawai take dubawa.

A Linux gyaran ba wuya. A ce ofis yana kan 192.168.1.0/24, abokan ciniki suna kan 192.168.2.0/24, layi na biyu kuma yana kan katin rezo mai suna eth2, ƙofarsa ta fita intanet 10.0.0.1. Sai a buɗe wa layin tebur na kansa, wato jerin hanyoyin da ruta ke dubawa, a kuma sa doka ta tura abokan ciniki can:

ip route add default via 10.0.0.1 dev eth2 table 100
ip rule add from 192.168.2.0/24 table 100 priority 1000

Wajen ba tebur lamba, kar a taɓa 253, 254 da 255, na na'urar ne. Ana bin dokoki bisa lambar priority, daga ƙarama zuwa babba, dokar babban tebur (wanda ruta ke bi tun asali) kuwa tana 32766, don haka 1000 za ta riga shi.

To, ga inda ake faɗuwa. Tebur 100 bai san komai ba sai ƙofar waje. Abokin ciniki ya tura takarda zuwa firinta da ke ofis, sai fakitin ya kama hanyar intanet ya ɓace, a zauna ana zagin firinta alhali ba ta da laifi. Dole a rubuta hanyoyin cikin gida a teburin nan ma, kowace da katinta.

Sai rp_filter, saitin da ke duba ko fakiti ya shigo ta hanyar da ta dace. In yana kan 1, amsar da ta shigo ta layi na biyu za a iya jefar da ita shiru, domin ba ta nan babban tebur yake sa ran ta ba. A mayar da shi 2. A kuma sa NAT, wato sauya adireshin cikin gida da na layin, a kowane layi.

A gwada da wannan, in eth0 ne katin abokan ciniki:

ip route get 8.8.8.8 from 192.168.2.10 iif eth0

In ta nuna eth2, an dace. Amma dokokin nan ba su tsira in an ɗauke wuta, kuma kowa ya san halin wutar lantarki a lokacin zafi. A sa su cikin fayil ɗin da ke tashi tare da na'urar.

Wassalam.

Daga wani mai haɗa rezo, Maradi.