Godiya ga masu gyaran keke na kusa da Kasuwar Wunti

Assalamu alaikum.

Maigida, kai da yaranka nake yi wa wannan godiya a bainar jama'a, domin irin aikin da na gani a shagonka ban saba ganinsa a garin Bauchi ba.

Kekena na gwanjo ne, mai birkin faifai na kamfanin Shimano, irin wanda ke aiki da mai, kuma da shi nake shigowa gari daga Yelwa. Da hunturu ya kama sai birkin gaba ya fara kuka, daga baya ya koma gurzar ƙarfe da ƙarfe. Wani mai gyara ya ɗauko baƙin mai ya ɗiga a kan faifan, wai don kukan ya daina. Kuka bai daina ba, birki kuma ya daina kamawa, tunda fad ɗin, wato abin da ke matse faifan idan an taka birki, ya sha mai ya tashi aiki. Wani ya ce zai zuba mini man birkin mota. Allah ya tsare ban yarda ba, don a wurinku na ji cewa wannan man kumbura robobin ciki yake yi, Shimano da irin nasa man. Har da wanda ya ce a kwance komai a sa birkin roba, a keken da ko wurin ɗaura shi babu!

Babban yaronka bai fara da maganar kuɗi ba. Ya zaro fad ɗin ya nuna mini ya cinye har ƙarfe ya fito, alhali tun yana saura milimita 0.5 ya kamata a canza. Sannan ya auna faifan. Sabo kaurinsa milimita 1.8 ne, kuma a jikinsa an rubuta kada ya gaza 1.5. Na gaba ya gaza, ya sa sabo. Na ce ya haɗa da na baya a huta, sai ya ce, "Baba, wannan da sauransa, riƙe kuɗinka." Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Kayan na rataye a shagon, ni da bakina na ce a sa, amma yaron ya ƙi karɓar abin da bai kamata ba. Da ya gama ma bai miƙo mini keken ba sai da ya hau ya yi ta gudu yana tsayawa, har sabon fad ya zauna a kan faifan.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 irin waɗannan kekuna suka ƙaru a gari, ɗalibai da ma'aikata na hawa. Amma yawancin masu gyara har yau guduma da filaya ne kayan aikinsu, kuma da wuya ka ji ɗayansu ya ce "ban iya ba". Sai ya lalata maka birki, ya karɓi kuɗi, ya sake ka cikin 'yan acaɓa da Keke Napep.

Allah ya ƙara kasuwa, ya yi wa yaron nan albarka.

Naku,
Wani mai keke daga Yelwa, Bauchi