Sanarwa kan bargon haɗin gwiwa da zaman Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa masu saƙa da kaɗi, barkanmu da warhaka.

Za mu haɗu ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 4 na yamma, a inda muka saba, don ɗinke gutattakin bargon da muke saƙawa tare. Kowa ta zo da nata, faɗi da tsawo santimita 20. Don Allah a auna bayan an wanke ya bushe a shimfiɗe, kada a auna yana kan tsinken saƙa, domin ulu yakan sauya girma idan ya sha ruwa.

Masu kaɗi da mazari, maganarku ce mai tsawo. Zaren da aka kaɗa sili ɗaya yakan karkatar da saƙa gefe guda saboda murɗin da ke jikinsa. Ku haɗa sili biyu, ku murɗa su ta ɓangaren da ya saba wa na kaɗin farko, sannan ku jiƙa a ruwa mai ɗumi, ku matse a hankali, ku rataya. Ban da cuɗawa, ban da sauya ruwan zafi da na sanyi kwatsam, in ba haka ba gashin ya cure, kuma babu gyara. Kaurin zare ya ɗan bambanta ba laifi ba ne, ni a wurina ma shi ne kyan aikin hannu.

Masu ulun kanti su riƙe takardar jikinsa saboda lambar rini, wato lambar da ke nuna ulun da aka rina tare, launinsa ya zo ɗaya. A taho da allura mai babbar kafa da almakashi. Wadda ba za ta samu zuwa ba ta sanar kafin Alhamis.

Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci.