"Wallahi Dawam Ne": Saƙon Shugabannin Ƙungiya Ga 'Yan Uwa Mazauna Saudiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu dattawa, yayye da ƙanne, 'yan asalin garinmu mazauna Jidda, Makka, Madina, Riyadh da Dammam, shugabannin ƙungiya suna gaishe ku, da fatan kowa yana lafiya shi da iyalinsa. Mutanen gida ma sun aiko a gaishe ku, sai dai wasunsu sun haɗa gaisuwar da ƙorafi, kuma za mu zo kansa.

Abin da ya sa muka rubuto shi ne zamanmu na wata-wata yana neman mutuwa a hannunmu. A zaman da ya wuce, waɗanda suka zo ba su cika tabarma biyu ba. Shinkafar da iyayenmu mata suka wuni suna dafawa, ƙulla ta aka yi a leda aka raba wa maƙwabta. Da aka bi waɗanda ba su zo ba ta waya, amsa ɗaya aka samu kamar an haɗa baki: "Wallahi dawam ne," wato lokacin aiki ne ya hana.

Ba mu ce ƙarya kowa ya yi ba. Mai tsaron kanti ya buɗe da safe, ya rufe bayan Azahar, ya dawo bayan La'asar, ba zai ja ƙofa ba sai sha ɗaya ko sha biyun dare. Tsakiyar ranar da ake kira hutu ba ta isa a kai ziyara, a barci take ƙarewa. Yaranmu da ke aikin kai abinci gida-gida su kam waya ce ubangidansu: tana ƙara, mutum ya ajiye burodin tamis ɗin da ya gutsura, ya suri jaka, yana tuƙi ido ɗaya a kan taswira ɗaya a kan kyamarar Sahir mai kama masu karya dokar tuƙi, don tara guda na iya cinye wahalar kwana biyu. 'Yan uwanmu mata masu aikin gidaje ba a ma maganarsu, wata sai uwargida ta kwanta sannan take samun sukunin duba saƙonnin da suka taru tun safe. Na Riyadh kuwa, ko da jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a ƙarshen 2024, wanda ke kwana a unguwar Batha yana aiki a arewacin birni ya san abin da hanya ke ci.

Kuma gudun nan yana da dalili. Tun watan Yulin 2017 aka fara karɓar kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar baƙo, wato takardar izinin zamansa, Riyal 100 a wata, aka yi ta ƙari har ya tsaya a 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya uku, Riyal 1,600 ke nan duk wata, bai biya haya ba, bai sayi ko burodi ba. Da yawa saboda wannan suka mayar da iyali gida, suka koma kwanan gwauraye, mutum huɗu ko biyar a ɗaki. Harajin kaya da ya fara da kashi 5 cikin 100 a 2018 ya koma 15 a 2020. A can gida kuma, tun da darajar Naira ta zube a 2023, kowa gani yake wanda ke karɓar Riyal ya haye, buƙatu sai ƙaruwa suke: kuɗin makaranta, na asibiti, na taki, na kayan ɗaki.

Mu na Jidda akwai ƙarin abin da ya same mu. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya tashi unguwanni da dama, ciki har da Karantina, Gulel, Petromin da Sabil, inda a da mutum zai fito ƙofar gida ya ji Hausa ta ko'ina, ya sayi ƙosai a lungu, ya san wa ya kwana da zazzaɓi. A lokacin ba sai an kira taro ba, unguwar ita ce taron. Yanzu wani yana can kudu, wani ya nausa arewa, wani ya koma Bahra, ganin juna sai an ƙona mai an ɓata rabin yini. Ko rufe shagunan da ake yi lokacin salla, wanda kan sa a haɗu a ƙofar masallaci a gaisa, tun 2021 ya zama ganin dama.

Duk da haka, ba za mu ɗora wa gwamnati da kafilai, wato iyayen gidan da muke zaune a ƙarƙashinsu, laifin duka ba. Akwai gudun da mu muka ɗora wa kanmu. Wani aikinsa ɗaya ya ishe shi, amma ya ji wane ya zuba dakin ɗin bene a gida, shi ma sai ya ƙara na dare. Gidaje nawa ne a garinmu da aka gina da gumin Saudiyya, an yi fenti, an sa ƙofar ƙarfe, maigidan bai taɓa kwana wata guda a jere a ciki ba? Neman halal ibada ne, babu mai musu. Amma a duba wannan: kakanninmu da ƙafa suka biyo ta Chadi da Sudan, suna tafe suna tsayawa noma da ƙodago, wasu shekaru suka yi kafin su tsallaka teku daga Sawakin, duk don su ga Ka'aba. Mu ga mu a Jidda, tsakaninmu da Harami bai wuce tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna a mota ba, ga jirgin Haramaini da ya fara aiki a 2018 yana haɗa Makka da Madina cikin ƙasa da sa'o'i uku. Amma a cikinmu akwai wanda rabonsa da ɗawafi tun azumin bara. Alhazan da ke zuwa daga gida na 'yan makonni sun fi wasunmu yawan salloli a masallacin da salla ɗaya a cikinsa ta fi dubu ɗari a waninsa. Wannan abin kunya ne, gara mu faɗa wa kanmu kafin baƙi su faɗa mana.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne na ɗan uwanmu da ya faɗi a wurin aiki kwanakin baya. Abokan aikinsa 'yan wata ƙasa ne suka kai shi asibiti. Kwana da kwanaki yana kwance babu ɗan garinmu ko ɗaya da ya sani, sai da mahaifiyarsa ta ga wayarsa ta daina shiga, ta sa aka kira sakatare daga gida. Wato labarin mutumin da ke kwance a Jidda sai da ya zaga ta Najeriya sannan ya iso mu. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi. Da ta Allah ta kasance fa? Kowa ya san gawar baƙo a ƙasar nan ba a rufe ta sai takardu sun cika, na asibiti, na kafili, na ƙaramin ofishin jakadancinmu, kuma sai da mutanen da za su tsaya su yi ta zirga-zirga. Zumunci a ƙafa yake, sitika a WhatsApp ba ta ɗaukar makara.

Ga ƙannenmu da ba su daɗe da zuwa ba, ku san haƙƙinku. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan sa'o'i 8 ta ce a rana, 48 a mako, a watan azumi kuma 6 a rana ga Musulmi. Abin da ya haura haka ƙarin lokaci ne, kuma da ƙarin kuɗi ake biyan sa. Akwai hutun yini guda cur a mako. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa ma'aikaci aiki a waje cikin zafin rana daga sha biyu zuwa ukun yamma. Masu aikin gida tsarinsu daban ne, amma su ma an ba su ranar hutu. Ku buɗe manhajar gwamnati ta Qiwa ku karanta kwantiraginku, wanda Larabci ya yi masa nauyi ya kawo a karanta masa. Ba muna zuga kowa ya yi rigima da kafilinsa ba ne, amma wanda bai san yana da ranar hutu ba, ba zai taɓa neman ta ba.

Sai ƙorafin gida. Iyaye sun ce kuɗi na isowa, murya ce ba ta isowa. Wata tsohuwa cewa ta yi a faɗa wa ɗanta ta ga alat, amma alat ba ya tambayar ta ya ƙafa. Agogonmu yana gaban na gida da sa'a biyu. In ka tashi aiki sha ɗayan dare, ƙarfe tara ne a can, Inna ba ta kwanta ba.

Shugabanni sun zauna da dattawa, ga abin da aka tsayar. Babban zama ya tashi daga kowane wata ya koma sau ɗaya a wata uku, ranar Juma'a bayan Isha, don masu dawam ɗin yamma su samu zuwa ko a makare. A tsakani, kowane yanki zai riƙa nasa ƙaramin zama, ko mutum biyar ne, ko a kan shayi ne kawai, kuma zai fitar da mutum ɗaya da zai riƙe lambobin kowa da ta wani abokin aikinsa. Duk wanda aka yi mako ba a ji ɗuriyarsa ba, a kira. In ba a same shi ba, a taka a je. Iyayenmu mata sun ce su za su tsara nasu da kansu, har da yadda za a riƙa jin lafiyar masu aikin gidaje. Kuɗin wata bai canza ba, masu bashi su ji tsoron Allah su tuna da asusun gaggawa, shi aka taɓa a jinyar da muka ambata.

An kuma amince a yi umara ta haɗin gwiwa kafin azumi. Mai so ya ba wakilin yankinsa suna da wuri, don a san motar da za a ɗauka, a kuma taimaka wa dattawan da Nusuk, manhajar neman izinin umara, ke ba wahala. 'Yan Riyadh da Dammam su sanar da mu ranar da hutunsu ya faɗo, da ita za a sa rana.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin shugabanni da dattawan ƙungiya, Jidda.