Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Kalmar "Antagonize"

Ya ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, na karanta saƙonka inda ka ce shugaban sashenku ya rubuta a takardar auna aikinka cewa kana "antagonize" abokan aiki, kai kuma ka rantse ba ka taɓa sa-in-sa da kowa ba. Na yarda da rantsuwarka, sai dai ba faɗa ake tuhumarka da shi ba, kuma tunda koyar da Turanci na yi har na yi ritaya, bari in warware maka.

Asalin kalmar daga Girkanci ne. "Agon" shi ne taron gasa, irin wanda Girkawan zamanin da suke yi a Olimfiya, inda ake kokawa da tsere, "anti" kuma na nufin fuskantar wani a matsayin kishiya, don haka hoton da ke ciki shi ne na mutumin da ya shiga fage ya tsaya gaban abokin karawarsa. Da ta shiga Turanci a ƙarni na 17, ma'anarta karawa ce kawai. A ƙarni na 19 ne ta juya: maimakon kai ka yi gaba da mutum, sai ta koma ka sa shi ya yi gaba da kai. Likitoci sun riƙe tsohuwar ma'anar, suna kiran maganin da ke toshe aikin wani magani "antagonist".

Mu idan muka ce wane ya cika tsokana, ko yana takalar faɗa, da gangan muke nufi. Wannan kalmar kuwa ba ruwanta da niyya, abin da ya faru a zuciyar wancan mutumin take dubawa. Ina sabon malami, na taɓa gyara wa shugaban makarantarmu nahawu a taron safe, gaban ɗalibai da malamai. Gyaran daidai ne, ya ma yi murmushi ya gode, amma daga ranar duk takardar da na kai ofishinsa sai ta kwana biyu ba a sa mata hannu ba, kuma na daɗe ban gano dalili ba. Na san halinka na katse mutum idan ka hango kuskure a lissafinsa, domin a wurina ka gado shi.

Idan za ka yi amfani da ita a rubutu, sunan mutumin yakan biyo ta kai tsaye ba tare da "with" ba. Amurkawa suna rubuta ta da z, a Ingila kuma za ka fi ganin s.

Kada ka mayar wa shugabanka martani a rubuce. Ka same shi shi kaɗai, ka roƙe shi ya faɗa maka ranar da abin ya faru da wanda ransa ya ɓaci, sannan ka je wurin mutumin da ƙafarka.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.