Wanda zai duba Inna

Tawa, daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya Abijan da ruwanta? Mu nan sai ƙura, amma lafiya lau. Shekaranjiya na je gaida Inna, na iske ta bisa tabarma tana ɓarar gujiya. Ƙafafunta sun ɗan kumbura, har takalmin da ka aiko mata ya ƙi shiga, ta ce kada in gaya maka. To, ga shi na gaya.

Ka tambaye ni wane likita zan nuna maka saboda hawan jininta. Na yi kwana biyu ban amsa ba, don nuna likita kamar dalilin aure ne: in an dace ba mai tuna ka, in abu ya ɓaci sunanka za a fara kira.

Kilinik ɗin da nake zuwa da, kar ma ka sa shi a lissafi. Wuri tsaf, ga sanyi, ga talabijin. Amma bara da masassara ta kayar da ni, mutumin bai ɗaga kai ya dube ni ba, ina magana yana rubutu. Na fito da takardar magani gaba da baya, jaka ashirin da bakwai na bari a farmasi, rabin maganin yana nan cikin kwali har yau. Na warke, ban musa ba. Sai dai uwar wani ba zan kai can ba.

Wanda na yarda da shi majon ƙaramin asibitin unguwarmu ne, wato babban ma'aikacin jinyar wurin. Benci biyu gare su, sai inuwar dogon yaro, kuma in ba ka yi sammako ba sai azahar. Shi ke bin jinin Baba shekara uku ke nan. Yana auna hannu biyu, ya rubuta cikin karne, ɗan littafin nan na asibiti, ya tambayi gishiri da magi nawa ake zuba wa miya. Ran nan sai da ya sa aka kira matata ya yi mata bayani da kanta, wai ba mai ci ke da laifi ba, mai tukunya ce. Abin da ya fi kwantar mini da hankali, ya san iyakarsa. Da ƙirjin Baba ya rikice, nan take ya rubuta mana takarda zuwa babban asibitin jiha.

Na san mutanenmu da an ce ciwo sai su ce asibitin Galmi ko na Yamai. In aiki ne za a yi, sai a yi shawara. Amma hawan jini awo yake so wata-wata, tsohuwa ba za ta riƙa cin kilomita fiye da 500 zuwa Yamai don a ɗaura mata abin awo ba.

Maganar kuɗi: kyautar magani da aka sa tun 2006 ta yara ce ƴan ƙasa da shekara biyar da awon mata masu ciki, ba ta shafi Inna ba. An dai rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati tun Satumbar 2024, magani ne zai ci aljihunka.

In ka amince, ranar Talata zan ɗauke ta da safe. Ka kira ta tukuna ka lallashe ta, ka san ta da tsoron allura, kuma har yanzu tana shan jiƙon nan na maƙwabciyarta.

Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka har kullum.