A daina rataye manyan tsuntsaye da ƙusa ɗaya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in ja hankalin masu otal da masu ƙawata falo a nan Bauchi, waɗanda ke rataye tsuntsayen da aka feɗe aka cusa wa fatarsu ciko, irin su dinya da gauraka. Kwanaki a wani otal na ga dinya fukafukai a buɗe, ƙusa ɗaya tal ke riƙe da ita, filasta har ta fara zubowa, ga kujerar baƙi a ƙasanta. Haba jama'a!

Matsalar, yawancin bulon da muke gini da shi mai rami ne, ƙusa ba ta samun abin kamawa, kuma tsuntsun da ya miƙo daga bango nauyinsa gaba yake rinjaya, kullum yana jan ƙusar waje. A huda bango inda siminti ya haɗa bulo ko jikin lintal, wato kankaren saman ƙofa ko taga, a sa fisha, robar nan da ake cusawa a rami don ta riƙe sukuru, da sukuru ko da uku ne, a kafa allon katako mai kauri, sannan mai walda ya haɗa rodin da zai shiga cikin jikin tsuntsun, don wayar da ake sa masa a ƙafa ita kaɗai lanƙwashewa take. Allon ma a shafa masa maganin gara, kuma kar a kafa shi kusa da fanka.

Naku,
Wani mai karatu daga Bauchi